Daga Bakin Kogi: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

  A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani abu da kowa ke toshe hanci ya wuce in ya gan shi, wato baƙin ruwan nan da ke tsattsafowa daga gindin juji idan damina ta kankama.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a daminar da ta wuce mun bi ta wata unguwa a gefen gari kwana biyu bayan an yi ruwa mai yawa, sai muka tarar da tulin shara ya jiƙe sharkaf, wani ruwa kamar an dafa shayi an manta da shi a wuta yana fitowa daga ƙarƙashinsa. Muka bi shi da ido, ashe ya sami hanya, yana gangarawa a hankali cikin wani lambatu wanda ƙarshensa tur'a ce. Awaki na sha a gefe, yara biyu na wasa da jirgin kwali a ciki. Da muka yi wa wani dattijo da ke zaune a inuwa magana, sai ya ce ai ruwan sama ne kawai, rana za ta shanye shi. To, baba ya yi gaskiya ta fuska ɗaya, domin kuwa ranar Madani ba ta barin ruwa ya daɗe a fili. Amma rana ruwan kaɗai take ɗauka, dattin da ke cikinsa kuwa sai ta bar mana shi a ƙasa, in bai riga ya faɗa tur'a ba ke nan.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi ba ya ƙarya. Ruwan da ke sauka a Madani a shekara ya kai kimanin milimita 300, kuma yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Milimita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita ɗaya ce. Faddan guda kuwa murabba'in mita 4,200 ne. Ke nan jujin da ya cinye faddan ɗaya tak, ruwan da ke sauka a kansa a shekara ya kai lita 1,260,000, wato barmili 6,300 na mai lita 200. Mafi yawansa zai koma sama da zafin rana, amma a makonnin da ake ruwa a kai a kai, wani kaso zai ratsa sharar ya fito ta ƙasa. Ga kuma ruwan da ke jikin sharar kanta, na ɓawon kankana da ruɓaɓɓen tumatir da sauran abinci.

Shi wannan ruwa, idan yana ratsa juji, duk abin da ya taras sai ya ɗebo. Ya ɗebo ruɓaɓɓen abinci, ya ɗebo gishiri iri-iri, ya ɗebo dalma da zaiba daga tsofaffin batura da fitilu, ya ɗebo ragowar maganin ƙwari daga gwangwanayen da aka jefar. Inda kuma ake zubar da ƙunzugun yara ko abin da aka kwaso daga masai, sai ya haɗa da ƙwayoyin cutar gudawa da taifot da kwalara. Masana suna auna ƙazantar ruwa ne da yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta za su buƙata kafin su cinye dattin da ke cikinsa. Ruwan kwata na gidaje yakan buƙaci miligiram 200 zuwa 400 a kowace lita. Ruwan sabon juji kuwa yana iya kaiwa 10,000 ko fiye. Wannan shi ya sa in ya faɗa ƙaramar tur'a kifi ke tasowa sama, saboda iskar da yake shaƙa a cikin ruwan ta ƙare. Akwai kuma amoniya, wato abin nan mai yaji a hanci da ake ji a tsohon fitsari. Ita takan kai miligiram 500 zuwa 2,000 a lita, kuma abin mamaki, ko juji ya yi shekara ashirin da rufewa ba ta raguwa sosai. Idan ta shiga ƙasa ta juye ta zama naitiret, ta kuma isa rijiya, jarirai take fara kamawa, domin tana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha.

Wani zai ce, to ina ruwanmu, ai wannan aikin mahalliyya ne. Amsa ita ce, mu ne a bakin ruwan. Tun da kakanninmu suka baro Burmi a 1903 suka sauka a bakin Nil Azrak tare da Mai Wurno, rayuwarmu a wannan ƙasa ta kogi ce da tur'a. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, wanda tare da Managil ya haura faddan miliyan 2, mutanenmu suna cikin waɗanda suka yi aikin hawasha da tsinkar auduga. Har gobe akwai ƙauyuka da kambo-kambo da mata ke ɗiban ruwan wanki da na girki, wani lokaci har da na sha, daga tur'a. Masu kamun kifi namu ne, masu lambu a bakin kogi namu ne da yawa. Kuma idan gari zai zubar da shararsa, ba a tsakiyar kasuwa yake zubarwa ba, gefen gari yake kai ta, inda marasa ƙarfi ke zaune.

Bugu da ƙari, shekarun nan sun tara mana shara fiye da kima. Da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, dubban jama'a suka kwararo Madani daga Khartum, gari ya cika ya batse. A Disamba na wannan shekarar yaƙin ya iso Madani kanta, bai kuma fita ba sai 11 ga Janairu 2025. A tsakanin nan aikin kwasar shara ya tsaya, kowa ya zuba inda ya samu. A Agusta 2024 ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta bayyana ɓarkewar kwalara. Ba mu ce juji ne kaɗai ya kawo ta ba, domin kwalara daga najasa take shiga ruwan sha. Amma jujin da aka mayar masai, shi da masai ɗaya suke. Yanzu da ake gyaran gari, lokaci ne da ya kamata a yi maganar inda shara za ta zauna da inda ruwanta zai bi, tun kafin a sake tara ta a inda aka saba.

Akwai masu cewa ƙasar Jazira laka ce, ruwa ba ya ratsa ta. Haka ne, baƙar lakar nan tamu in ta jiƙe sai ta kumbura ta toshe, shi ya sa ma tur'o'inmu ba a shafe su da siminti ba amma suna riƙe ruwa. Sai dai duk wanda ya yi noma a nan ya san yadda take da rani, tsagewa take yi har mutum ya zura hannunsa. Ruwan farko na damina ta cikin waɗannan tsagogi yake bi ya yi ƙasa kafin lakar ta rufe bakinta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu kuma, da lakar ta toshe, ruwan jujin da ya kasa nutsewa sai ya bi ta sama, ya nemi gangare, gangarenmu kuwa tur'a ne da kogi. Mafi muni shi ne zuba shara a ramukan da masu bulo suka haƙa a bakin kogi, domin ƙasar wurin jigawa ce mai shan ruwa, kuma in kogi ya cika a Agusta yakan shigo har ciki.

To, mene ne magani? Maganin da ya fi araha, kuma ya fi dacewa da ƙasa mai zafi irin tamu, shi ne a sa halittu su cinye dattin. Kada wannan ya ba mu mamaki. Matar da ta zuba ɗan tsohon nono a cikin madara ta kwana ta zama kindirmo, da ƙwayoyin halitta ta yi aiki. Haka mai yin daddawa, haka mai jiƙa ƙullun kisra ya yi tsami. Irin waɗannan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, akwai masu jawo cuta a cikinsu, amma mafi yawansu masu aikin share duniya ne. Abincinsu shi ne ruɓaɓɓen abin da ke cikin ruwan juji.

Iri biyu ne manya. Akwai waɗanda ba sa son iska, suna aiki a ƙasan ruwa mai zurfi, su narka datti su fitar da iskar metan, wadda ke kamawa da wuta. Ita ce ma ke sa juji ya yi ta ci da wuta a ciki wata da watanni. Akwai kuma masu son iska, waɗanda in sun sami oksijin suke cinye datti da sauri, ba wari sosai. A cikin masu son iskar ne ake samun waɗanda ke juya amoniya ta zama naitiret, aikin da ke cin iska ƙwarai, domin kowane giram ɗaya na naitirojin da ke cikin amoniya yana buƙatar kimanin giram 4.6 na oksijin. Daga nan sai a mayar da ruwan wurin da babu iska, wasu ƙwayoyin su karɓi naitiret ɗin su mai da shi iskar naitirojin, ta tashi sama. Wannan ba ta cutar da kowa, tunda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Duk hikimar aikin ita ce a jera waɗannan ma'aikata bi da bi, kowa a ba shi wurin da yake so.

A ƙasashen da ke da kuɗi, manyan tankuna ake ginawa ana hura musu iska da injin dare da rana. Wasu masana biyu a Manchester ta Ingila, Ardern da Lockett, su suka fito da wannan dabara a 1914. Tana aiki da kyau, amma da wutar lantarki take rayuwa, in wuta ta ɗauke sai aikin ya tsaya. Mu da muka san halin wutarmu, wannan ba ita ce ta farko da za mu nema ba.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta tafkuna a jere. Na farko mai zurfi ne, mita 3 ko 4, a nan marasa son iska ke rage kaurin dattin. Daga shi ruwa ya tsiyaya zuwa na biyu, mai faɗi, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi. A nan gansakuka ke tsirowa, ruwan ya yi kore, ita kuma gansakukar in rana ta haska ta sai ta riƙa fitar da oksijin, wato tana yin aikin injin nan kyauta. Na uku bai wuce mita ɗaya ba, domin hasken rana ya ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sudan, irinsu aka gina a Soba a shekarun 1980 don ruwan kwatar Khartum. Abin lura kawai shi ne, ruwan juji ya fi na kwata ƙarfi nesa ba kusa ba, amoniyarsa in ta yi yawa tana kashe gansakukar kanta. Saboda haka sai a riƙa sirka shi da ruwan da ya riga ya fito daga tafkin ƙarshe, ko a ɗebo shi a sake watsa shi a kan jujin da rani, rana ta rage shi.

Bayan tafkuna sai fadamar hannu. Wata masaniya Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta nuna tun a shekarun 1950 cewa ciyayin fadama suna iya tace ƙazamin ruwa. Ana haƙa kwari, a daɓe ƙasansa da laka ko a shimfiɗa leda mai kauri, a cika shi da tsakuwa, a dasa kacalla ko jema a kai. Ruwa ya shiga ta wannan gefe, ya bi ta cikin tsakuwa da saiwoyi a hankali, ya fita ta wancan. Ainihin masu aikin su ne ƙwayoyin da ke manne a jikin tsakuwa da saiwa, ciyawar masauki ce take ba su tare da ɗan iska.

A nan sai mu ja kunne, domin Jazira tana da nata ciwon. Duk wanda ya girma a nan ya san zazzaɓin sauro da tsargiya. Saboda su ne aka kafa Shirin Lafiya na Nil Azrak a 1979, da hedkwatarsa a nan Madani, aka yi kimanin shekara goma ana fama da sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Ba za mu je neman maganin wata cuta mu haƙa wa wata gida ba. Don haka a fadamar hannu dole ruwa ya tsaya a ƙarƙashin tsakuwa, kada ya fito fili inda sauro zai yi ƙwai. Tafkunan kuma a riƙa nome bakinsu, a kewaye su da shinge saboda yara da dabbobi. Haka nan kada wani ya ce zai kawo ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan Nil Abyad, wai don tana shan datti. Tun ƙarshen shekarun 1950 da ta shigo kogin take toshe hanyar jirage da bakin famfuna, in ta faɗa tur'o'in Jazira kuwa sai mun gwammace kiɗa da karatu.

Akwai kuma dabarar da ke rage ƙarfin ruwan tun yana cikin jujin. Jami'ar Fukuoka da hukumar birnin Fukuoka a Japan su suka fito da ita a shekarun 1970. Kafin a fara zuba shara, sai a shimfiɗa manyan bututu masu huji-huji a ƙasa, a jera su kamar ƙayar kifi, a lulluɓe su da duwatsu, a bar bakinsu a buɗe, a kuma kafa wasu a tsaye. Ruwa ya bi bututun ya fita zuwa tafki maimakon ya kwanta, zafin sharar kuma ya jawo iska ta shiga ta wannan hanyar. Da iska ta shiga sai masu son iska su kama aiki a cikin jujin, ruwan ya fito da sauƙi, metan ya ragu. Inda babu kuɗin bututu an yi amfani da tsofaffin barmili da aka huhhuda da tsofaffin tayoyi da gora. Maƙwabtanmu na Habasha, inda kogin namu ya taso, sun gwada ta. A Maris 2017 tsaunin shara na Koshe a Adis Ababa ya zaftare ya binne gidaje, mutum fiye da 110 suka rasu, bayan nan ne aka gyara wurin da wannan dabara, da taimakon Japan da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Amma fa mu faɗi gaskiya, ƙwayoyin halitta ba kome suke iyawa ba. Dalma da zaiba ba sa ruɓewa, sai dai su kwanta a cikin taɓon tafki ko su shiga jikin ciyawa. Shi ya sa ba a ba dabba kacallar da aka yanko daga irin wannan fadama, taɓon kuma in an kwashe jujin ake mayar da shi, ba gona ba. Gishiri ma ba ya fita. Maganin ƙwari kuwa, Jazira ta san shi fiye da kowa. Labarin tsofaffin magungunan feshin auduga da aka binne a Hasahisa sananne ne, kuma masana a Jami'ar Khartum sun gwada ƙwayoyin halittar da suka ɗebo daga irin wannan gurɓatacciyar ƙasa, suka ga suna iya narka wasu daga cikin magungunan, sai dai aikin na tafiyar hawainiya ne. Ruwan da ya fito daga tafki da fadama, ko ya yi garau, na ban ruwan itatuwa ne irin su darbejiya, ba na sha ba ne, ba na jarjir da salak da ake ci ɗanye ba ne. Haka kuma 'ya'yan zogale da iyayenmu mata ke dakawa su kwantar da lakar ruwan kogi, dabara ce mai kyau ga laka, amma ba ta cire amoniya ko guba.

Me ya rage gare mu? Na farko yana cikin gidajenmu. Kaso mai yawa na shararmu ragowar abinci ne da toka da kashin dabbobi, kuma mai ruɓewar nan shi ke ƙara wa ruwan juji ƙarfi. Manoman kewayen Kano tun zamanin da jakuna suke turawa cikin birni a ɗebo musu irin wannan su kai gona, sunansa taki. Mu haƙa masa rami a bayan gida ko a gefen hawasha, in ya ruɓe mu zuba wa albasa. Batura da gwangwanin maganin feshi da ragowar magungunan asibiti kuwa a ware su daban, kada su shiga juji, kada kuma a wanke gwangwanin feshi a tur'a ko a mai da shi na ɗiban ruwa.

Na biyu na lajnar unguwa ne da shehunan ƙauyuka. A duba inda jujin yake kafin damina. In yana bakin tur'a, ko cikin ramin bulo, ko kusa da rijiya, a tashe shi. Ko masai ma ƙa'idar ita ce ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, balle tulin sharar unguwa guda. A haƙa masa lambatu ta sama domin ruwan sama ya kewaye shi, a riƙa rufe shi da ƙasa, a yi masa ɗan rami daɓaɓɓe ta ƙasa inda baƙin ruwan zai taru. Wannan aikin gayya ne na yini biyu da shebur da karo.

Na uku kuwa na hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya, mu ma 'yan ƙasa ne masu biyan kuɗin shara. Idan mahalliyya za ta ware filin zubar da shara, mu je mu ji: ina ruwansa zai bi, an tanadi tafki, wa zai kula da shi? Madani ba ta rasa masana ba, ga Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975, ga Hukumar Binciken Aikin Gona. Mu roƙi a riƙa auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da juji sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a kuma karanta wa jama'a sakamakon. 'Ya'yanmu da ke karatun kimiyya su ma ga abin da za su yi bincike a kai, a ƙofar gidansu.

Wanda yake da juji a bakin tur'a a ƙauyensu, ko wanda suka gwada wata dabara ta yi musu aiki, ya rubuto mana, za mu buga domin wasu su amfana.